Yadda Ɗalibai Za Su Riƙa Yanke Shawara a Mujallarsu ta Adabi Ba Tare da Faɗa Ba

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ɗaliban lise da na jami'a a nan Maradi. An haɗu, an raɗa wa mujalla suna, an yi karo-karo, rubuce-rubuce sun fara shigowa. To wa zai ce wannan waƙa ta shiga, waccan ta jira? Kuma yaya za a yi wanda aka ajiye tasa ya dawo taro mako mai zuwa?

Amsar a taƙaice: ba a kaɗa ƙuri'a a kan komai, kuma ba a barin mutum ɗaya da komai. Tun kafin rubutun farko ya iso ake yanke wa ke da ikon me, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ga matakan bi da bi. Kayan aikin ba su da yawa: babban kaye guda na rajista, ƙaramin kaye na ma'aji, kwali mai rami a sama na jefa ƙuri'a, fararen takardu, bik iri ɗaya, da lambar waya ko adireshin imel guda da aka ware don karɓar rubutu kawai.

1. Ku san su waye masu ƙuri'a

Wannan ne farko, domin duk rigimar da za ta zo daga baya a nan take samun ƙofa. Kasancewa cikin zauren WhatsApp ba ya mai da mutum mamba. Mamba shi ne wanda sunansa ke cikin rajista, ya biya karo-karonsa, kuma ya halarci taro. Ni ina ba da shawarar a ce sai wanda ya zo taro 3 cikin 4 na baya-bayan nan ke da ƙuri'a. Wanda uzuri ya riƙe, kamar ɗalibin likitanci na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya kwana gadi a asibiti, ko ɗalibin aikin gona da aka tura ƙauye koyon aiki, ya sanar kafin taro, a rubuta masa uzuri, kada ya rasa haƙƙinsa.

Hattara: a rufe rajistar sababbin mambobi mako 2 kafin kowane zaɓe. In ba haka ba, ranar zaɓe za ku ga fuskokin da ba ku taɓa gani ba, ƴan ɗakin wani ɗan takara da ƴan garinsu, kowa da dala 100 a hannu yana cewa ya zo biyan karo-karo.

2. Ku raba shawarwari gida uku

Kuskuren da ya fi kashe mujallun ɗalibai shi ne ɗaukar cewa dimokuraɗiyya tana nufin mutum 25 su zauna su yi gardama a kan launin bango har a kira magariba. Ba a jima ana haka sai masu aikin gaske su gaji su janye, a bar masu baki.

Gida na farko na babban taro ne, wato duk mambobi. Shi ke da ikon ƙa'idar mujalla, zaɓe da tsige shugabanni, kasafin kuɗi, harsunan da za a riƙa bugawa, sau nawa za a fito a shekara, da karɓa ko ƙin tallafin wani. Abubuwa ne da ba a yi kullum. Babban taro 2 ko 3 a shekarar karatu sun isa.

Gida na biyu na kwamitin karatu ne. Su ne ke karanta duk abin da aka aiko, su zaɓi abin da zai shiga. A sa adadinsu ya zama mara: 5, 7 ko 9. Bakwai ya fi mini daidai. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma mutum 15 ba za su taɓa karanta rubutu 40 dukansu ba, sai dai su zo su bi bakin wanda ya karanta. A ƙara mutum 2 na ko-ta-kwana, za ku ga amfaninsu a mataki na 6.

Gida na uku na mai muƙami ne shi kaɗai. Mai tsara shafuka shi ke zaɓen girman harafi. Mai gyara shi ke sa waƙafi da aya. Ma'aji na iya sayen ram ɗin takarda ba sai ya tara jama'a ba, muddin bai wuce iyakar da aka yanke masa ba. Wanda bai ji daɗin aikin mai muƙami ba ya kawo ƙorafi a taro, amma ba a tsayar da aiki a ce sai an kaɗa ƙuri'a a kan waƙafi.

A zana layi uku a shafin farko na rajista, a jera kowace irin shawara a gidanta. Idan sabon abu ya taso wanda ba ya cikin jerin, babban taro ne ke faɗin gidansa.

3. Ku rubuta ƙa'ida, kada ta wuce shafi 2

Kada ku kwafo dokokin wata babbar ƙungiya masu babi-babi. Abin da ba za a iya karantawa a tsaye cikin minti 5 ba, babu mai komawa kansa ranar rigima. Abubuwan da dole su fito su ne waɗannan.

Yawan mutanen da taro ke cika da su: fiye da rabin masu ƙuri'a. In ku 21 ne, sai 11 sun hallara. In ba su cika ba a ɗage da mako guda, a sake sanarwa, sa'an nan taro na biyu ya yanke da waɗanda suka zo, ban da gyaran ƙa'ida da tsige shugaba.

Rinjaye: shawarar yau da kullum tana wucewa da fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Gyaran ƙa'ida da tsigewa sai da kashi 2 cikin 3 na waɗanda suka hallara, wato in 15 ne a zaune, sai 10 sun yarda. A rubuta ƙarara cewa wanda ya ce shi ba ruwansa ba a lissafa shi ko ta wane ɓangare, don a nan ake yawan samun musu bayan an gama ƙirga.

Wa'adi: shekarar karatu guda, kuma kada mutum ya yi babban edita fiye da sau 2.

Sai maganar harshe da rubutu, wadda mutane ke tsallakewa su yi nadama. Tun watan Maris na 2025 kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma wannan bai yanke muku komai ba a cikin mujallarku. Za ku buga Hausa zalla ne, ko Hausa da Faransanci? In ɗalibi ya aiko da waƙar Fulatanci, Zabarmanci ko Buzanci fa? Kada ku buɗe ƙofa ga harshen da ba ku da aƙalla mutum 2 masu karanta shi da kyau, don mutum ɗaya in ya zama shi kaɗai ke ji, ya zama sarki a wannan fanni. Ajami ma haka.

A ɓangaren boko, Nijar na da ƙa'idar rubutun Hausa da Ma'aikatar Ilimi ta tsayar a 1999, wadda ke rubuta ƴ mai lanƙwasa, alhali littattafan da ke shigo mana daga Katsina da Kano suna rubuta 'y. Ga kuma hannun wanda ya tashi a Faransanci, mai rubuta “tchiki” a madadin “ciki”, “goudou” a madadin “gudu”. Babban taro ya zaɓi tsari guda sau ɗaya, a rubuta shi, mai gyara ya bi. Ba abin da za a riƙa tayarwa a kowace fitowa ba ne.

4. Zaɓen masu muƙami

Muƙaman da ake buƙata: babban edita, magatakarda, ma'aji, mai gyara, mai tsara shafuka, da ƴan kwamitin karatu. A ƙara mutum guda mai binciken kuɗi wanda ba ya cikin waɗannan.

Zaɓen mutum a asirce ake yin sa, ko da ku 9 ne kuma duk abokan juna. Ɗaga hannu a gaban wanda kake kira Yaya, wanda ya nuna maka hanyar makaranta ranar da ka zo daga ƙauye, ba zaɓe ba ne, kara ce. A yanka takardu daidai yawan masu ƙuri'a, girma ɗaya, kowa ya rubuta da bik iri ɗaya. A nuna wa jama'a kwalin babu komai a ciki kafin a fara. Mutum 2 da ba sa takara su ƙirga a bainar jama'a, ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na ja a allo. A fara ƙirga yawan takardun kafin a buɗe su. In sun fi mutanen da ke zaune yawa, a soke a sake. In babu wanda ya haura rabi, a je zagaye na biyu tsakanin biyun farko.

Hattara: ƙuri'ar da ake buɗewa a WhatsApp ba ta sirri ba ce. Duk wanda ke zauren zai iya dannawa ya ga wa ya zaɓi me, kuma in wanda ya buɗe ta bai kashe damar zaɓe da yawa ba, mutum zai iya zaɓen abu biyu. Ta yi daidai da tsayar da ranar taro. Ba ta yi daidai da zaɓen mutum ko zaɓen rubutu ba.

Malamin da hukumar makaranta ta haɗa ku da shi a girmama shi, a ba shi kujera, a nemi shawararsa, amma a rubuta cewa ba shi da ƙuri'a. Kuma a roƙe shi da ladabi: “Malam, in ba damuwa, ka bari sai mun gama faɗin namu sa'an nan mu ji naka.” Malami na ƙwarai zai gane dalili. In ya riga kowa magana, taro ya ƙare.

5. Lokaci da wurin taro

Mataki ne ƙarami amma a nan ake fitar da mata daga mujalla ba tare da an kore su ba. Taron da aka sa bayan isha'i, ɗalibar da ke zaune gidan iyayenta a Bagalam ko Mokoyo ba za ta zo ba, ko tana da kuɗin kabu-kabu. A sa taro da hantsi ranar Asabar ko bayan la'asar, a tashi kafin magariba, a aji ko wani wuri cikin makaranta. A fitar da ajanda kwana 3 kafin ranar.

Sai babbar ƙa'ida: abin da aka tattauna a fada ana jiran shayi na uku hira ce. Ko babban edita da rabin kwamiti na wurin, ba a yanke komai ba sai an kawo shi taro an rubuta. Ku kuma kauce wa manyan shawarwari a makon jarrabawa da lokacin babban hutu, sa'ad da rabin mambobi sun tafi gida noma.

6. Karɓar rubutu da ɓoye sunan mai shi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma magatakarda ne ke riƙe da shi. Saboda haka magatakarda ba ya cikin kwamitin karatu, ba ya ba da maki, ba ya cewa uffan ranar zaɓen rubutu. A zaɓi mai riƙe sirri, ba mai yawan fara'a ba.

A fitar da sanarwa mai ɗauke da ranar rufewa, nau'in da ake so (rubutacciyar waƙa, gajeren labari, ɗan wasan kwaikwayo, sharhi), iyakar tsawo, da yawan abin da mutum ɗaya zai iya aikowa. Duk rubutu ya bi ta hannun magatakarda shi kaɗai. Wanda ya miƙa wa ɗan kwamiti a hanya, a ce masa ya kai inda aka ce.

Magatakarda ya ba kowane rubutu lamba, W1, W2 ga waƙoƙi, L1, L2 ga labarai, ya rubuta sunan mai shi a wata takarda daban da ba ta shiga rajista. Sa'an nan ya cire duk abin da zai tona asiri. Sunan da ke saman shafi kowa na tunawa da shi. Abin da ake mantawa: sunan fayil ɗin kansa, sunan mai kwamfutar da manhajar rubutu ke ajiyewa a bayanan fayil, sadaukarwa a ƙasan shafi, da baitin ƙarshe inda mawaƙan Hausa suka saba ambaton sunansu da garinsu. Wannan baitin a rufe sunan da ɗigo-ɗigo, a mayar bayan an gama zaɓe. Hanya mafi sauƙi ita ce ya kwafe kowane rubutu ya zuba a sabon fayil guda, harafi iri ɗaya. Wanda aka kawo da rubutun hannu sai an buga shi a kwamfuta tukuna, domin ƴan aji ɗaya sun san hannun juna kamar yadda suka san murya.

Ƴan kwamiti su ma marubuta ne, kuma hana su aikowa zalunci ne. Abin da za a yi: magatakarda ya san W7 ta wane ce, sai ya cire ta daga tarin da zai ba shi, ya ba ɗan ko-ta-kwana a madadinsa. Haka kuma duk wanda ya gane rubutu, na ƙaninsa ne, ko ita marubuciyar ta taɓa karanta masa, ya gaya wa magatakarda a asirce a sauya shi. A ƙayyade cewa ɗan kwamiti ba zai fito fiye da sau ɗaya a fitowa guda ba. In masu karatu suka buɗe mujalla suka ga sunayen da ke shafin editoci su ne a shafin marubuta, ba za su sake aiko muku da komai ba.

7. Karatu da ba da maki, kowa shi kaɗai

A ba masu karatu kwana 10 zuwa 14. Kowa ya karanta a ɗakinsa, ba a tattaunawa, ba a tura wa juna “ka ga L3 kuwa?” Kowane rubutu a ba shi maki ɗaya daga 1 zuwa 5, tare da jimla ɗaya ta dalili. Wanda bai rubuta dalili ba ba a karɓar makinsa. Ma'anar makin a bayyane: 5 dole ya shiga, 4 ina so ya shiga, 3 zai iya shiga in an gyara, 2 bai nuna ba tukuna, 1 bai dace da mujallar ba.

Kafin a watse a yarda da abin da ake dubawa. A waƙa: kari (ma'aunin waƙa) ya zauna ko yana ɗingishi, amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen layuka) ya zo da kansa ko an jawo shi da ƙarfi, akwai baitin da zai zauna a ka. A labari: mutanen ciki suna magana kamar mutane, ƙarshen ya fito daga cikin labarin ko an liƙa masa wa'azi. Kyawun jigo shi kaɗai ba ya ba da maki. Waƙar da ke kira ga zaman lafiya na iya zama maras daɗi, kuma sai an samu mai ƙarfin halin faɗa.

Wajen haɗa maki ina ba da shawarar a bar tarawa a ɗauki makin tsakiya. A jera makin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ya faɗo a tsakiya. Ga dalili. A ce W4 ta samu 1, 1, 4, 4, 4, 4, 4, W9 kuma ta samu 3, 3, 3, 3, 3, 5, 5. In an tara, W9 na da 25, W4 na da 22, sai W9 ta wuce. Amma dubi da kyau: mutum 5 cikin 7 sun fi son W4, mutum 2 ne kawai suka danne ta suka ɗaga ɗayar. Makin tsakiya na W4 shi ne 4, na W9 kuma 3. Da wannan lissafi mutum 2 da suka haɗa baki ba za su iya juya kwamiti ba.

Hattara: kafin ranar zama, a ɗauki layi ɗaya ko biyu daga kowane rubutu mai babban maki a nema a intanet da Facebook. Satar fasaha ta fi zuwa cikin rubutun da ya fi kyau. Wanda aka kama a cire rubutunsa, a gaya masa shi kaɗai, ba a tozarta shi a zaure.

8. Zaman tattaunawa da ƙuri'a

Magatakarda ya zo da jerin lambobi da makinsu, har yanzu babu suna. Mai tsara shafuka ya faɗi shafi nawa ake da su, don ba a zaɓen abin da babu wurin sa shi. A kasa rubuce-rubucen uku: masu 4 zuwa sama sun shiga in wuri ya isa, masu 2 zuwa ƙasa sun fita, masu 3 su ne abin zama. Kada a ɓata awa guda ana yabon abin da kowa ya riga ya yarda da shi.

Ga kowane rubutu na tsakiya, a karanta wani yanki da ƙarfi. Waƙar Hausa musamman sai an ji ta a kunne, wata a takarda ba ta da kyan gani amma da an rera sai ɗaki ya yi tsit. Sa'an nan a zagaya, kowa minti 2, kuma a fara daga ƙaramin aji zuwa babba, babban edita a ƙarshe. Ɗan shekarar farko in ya riga ya ji ra'ayin yayyensa, abin da zai ce shi ne “ni ma haka na gani”. Mai jan zaman ya riƙe agogo, kuma a riƙa karɓa-karɓar jan zaman, kada ya zama na babban edita kullum.

Bayan zagaye ɗaya, in an ga baki ya zo ɗaya, a rubuta a wuce. In bai zo ba, a kaɗa ƙuri'a a takarda: e ko a'a. In an yi kunnen doki saboda wani bai zo ba, kada a ce ƙuri'ar shugaba ta zama biyu. A ajiye rubutun zuwa fitowa ta gaba da alkawarin sake duba shi.

Akwai abu ɗaya da rinjaye ke yi wa adabi illa: yana son abin da ya saba. Rubutun da ya zo da sabon salo yakan samu 5 daga mutum ɗaya, 2 daga sauran. Don haka a ba kowane ɗan kwamiti damar ceto sau ɗaya a shekara: ya ɗauko rubutu daga tarin da aka fitar, ya yi minti 5 yana kare shi, in ya samu mutum 2 sun mara masa baya ya shiga. Sau ɗaya tak, don ya yi tunani kafin ya kashe damarsa.

Sai an rufe jerin, kowa ya sa hannu a rajista, sa'an nan magatakarda ya buɗe sunaye. Daga nan ba a canja komai. Za a ji wani ya ce, “Kai, ashe ta Yaya wane ce muka ajiye, a duba mana.” Amsar ita ce an riga an sa hannu.

9. Rubutu mai zafi

Wani rubutun zai taɓo addini, sarauta, siyasa, ko ya zana wani malami yadda duk makaranta za ta gane shi. A nan rinjayen 4 da 3 bai isa ba. A nemi kashi 2 cikin 3 na kwamiti, a ji ta bakin malami mai ba da shawara, kuma a ba babban edita ikon dakatarwa, domin shi hukumar makaranta za ta fara kira. Amma ikon na da sharaɗi: ya rubuta dalilinsa a rajista, dalilin kuma ya zama ɓata sunan wani, cin zarafin addini ko ƙabila, ko abin da zai jefa marubucin cikin haɗari. “Ban ji daɗinsa ba” ba dalili ba ne. Sau da yawa gyaran layi 2 tare da marubucin na warware matsalar. Kuma kafin fitowar farko ku kai wa hukumar makaranta takarda ku sami izini a rubuce, musamman in za ku sayar a wajen harabar.

10. Gyara da amsa wa marubuta

Mai gyara na da ikon ƙa'idar rubutu: raba kalma, ƙugiya, waƙafi. Ba shi da ikon canja kalma ko yanke baiti sai da yardar mai shi. Karin harshe ba kuskure ba ne. In tsohuwa a cikin labari ta ce “tahi ka ɗauko mini wanga abu”, a bar ta da Katsinancinta ko Gobirancinta, kada a mai da ita Bakanuwa. A nuna wa marubuci shafinsa kafin a kai bugu.

Wanda ba a ɗauka ba a amsa masa cikin mako guda, da sunan kwamiti ba da sunan mutum ba, a haɗa masa jimla 2 ko 3 daga dalilan masu karatu. Kada a gaya masa wa ya ba shi nawa. Ɗan kwamitin da ya je ya ce “ni dai na so taka, su wane ne suka ƙi” ya karya ƙa'ida, kuma a rubuta hukuncinsa tun farko: gargaɗi, in ya sake a sauke shi.

11. Kuɗi

Lissafin bugu a gaban babban taro ake yin sa, a allo. Takardar A4 in an naɗe ta biyu tana ba da shafi 4, don haka yawan shafukan mujalla dole ya rabu da 4: 24, 28, 32. Mujalla mai shafi 32 takarda 8 ce, fuska 16. A ce mai fotokofi ya yi muku dala 5 kowace fuska, kwafi guda ya tashi dala 80, kwafi 100 jika 40, ban da bango da ɗinki. In takardar taku ce, kwafi 100 na cin takarda 800, ram kuwa 500 ne, sai ku sayi 2, ragowar ta tafi a gwaji da waɗanda inji zai ɓata. Ku karɓo farashi a rubuce daga wuri 3 kafin taro, ku tambayi ragin da ake yi wa bugu mai yawa, taro ya zaɓa. Masu tunanin kai aikin Katsina ko Kano su haɗa da kuɗin mota, canjin naira, da yiwuwar jinkiri a kan iyaka. A bar kwana 3 na rara saboda ɗaukewar wuta, musamman lokacin zafi.

Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum 2, ma'aji da babban edita, kuma kowane sayayya da rasit. A yanke iyakar da ma'aji zai kashe ba tare da taro ba, misali jika 5. Kada kuɗin mujalla ya zauna a asusun wayar da mutum ke sayen katinsa da shi.

Hattara da mai tallafi. Alhajin da ya ba da jika 50 a gode masa a bangon baya, a kai masa kwafi har gida. Ba shi da ƙuri'a, kuma waƙar ɗansa ta bi ta hannun magatakarda ta karɓi lamba kamar ta kowa. A faɗa masa haka cikin ladabi kafin a karɓi kuɗin, ba bayan an kashe ba.

12. Rajista, ƙorafi da miƙa aiki

Kowane taro a rubuta abu 5: rana, waɗanda suka zo, abin da aka yanke, ƙuri'a nawa da nawa, wa zai yi me zuwa yaushe. Ba a rubuta wa ya ce me. A ɗauki hoton shafin a tura wa mambobi a ranar, a karanta shi a farkon taro na gaba.

Mai ƙorafi ya rubuta cikin kwana 7, mutum 3 da ba sa cikin kwamitin karatu su duba. Abin da za su duba shi ne ko an bi ƙa'ida: an ɓoye suna, adadi ya cika, wanda ya kamata ya janye ya janye. Ba za su sake auna daɗin waƙa ba. In an karya ƙa'ida, a sake karanta rubutun da sababbin masu karatu.

Zaɓen sababbin shugabanni a yi shi wata 2 kafin ƙarshen shekarar karatu, ba bayan an dawo hutu ba, lokacin da masu fita sun riga sun watse. Tsofaffi da sababbi su fitar da fitowa ɗaya tare. A tabbata aƙalla mutum 2 na kwamitin karatu ƴan ƙananan aji ne da za su kai baɗi. Ranar miƙa aiki a kawo rajista, kayen ma'aji da rasit ɗinsa bayan mai bincike ya sa hannu, ragowar kuɗi a ƙirga a gaban jama'a, fayilolin duk fitowar da aka yi, layin wayar mujalla, da kalmomin sirri na imel da Facebook. Sabon magatakarda ya canja kalmomin sirrin nan take a wurin, ya rubuta su a takarda 2, ɗaya a hannunsa, ɗaya cikin ambulan a rufe a wajen malami mai ba da shawara.